Yawon Buɗe Ido a Zanzibar: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Duk wanda ya ga hoton Zanzibar a waya, abu guda yake gani: farin yashi, shuɗin ruwa, da kwale-kwale yana lilo a kai. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne ƙarfe nawa aka ɗauke shi. Sa'o'i shida bayan nan, wurin da kwale-kwalen yake lilo ya koma tudu, ruwan ya yi nisan da sai ka kare ido da tafin hannu kafin ka hango shi. Yawancin tambayoyin da ke ƙasa, in ka bi diddiginsu, nan suke komawa: a tsibirin nan teku da wata da iska su ke tsara wa baƙo yininsa.

Wai Zanzibar ƙasa ce mai zaman kanta ko kuwa?

Yanki ne na Tanzaniya, amma yana da nasa shugaban da tasa majalisar. Tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu: Unguja da Pemba. In ka ji mai yawon buɗe ido ya ce ya je Zanzibar, kusan kullum Unguja yake nufi. Tsawonsa ya kai kilomita 85, don haka daga wannan ƙarshe zuwa wancan tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Zanzibar ta sami 'yanci daga Birtaniya a Disamba 1963, aka hamɓarar da sarautar Larabawa ranar 12 ga Janairu 1964, sannan ranar 26 ga Afrilu na shekarar ta haɗe da Tanganyika, aka sami Tanzaniya.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Yuni zuwa Oktoba. Ruwan sama ya ɗauke, zafi ya sauka, iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa. Disamba zuwa Fabrairu ma babu laifi, sai dai akwai zafi da gumi, iska kuma ta juyo daga arewa maso gabas, ita ce kaskazi. Babbar damina, masika, tana kamawa daga Maris zuwa Mayu, kuma ba yayyafi ake yi ba. Wasu masaukai har rufewa suke yi. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba, wadda ruwanta yakan zuba ya wuce, rana ta fito.

Masauki yakan yi araha a masika, gaskiya ne. Amma wanda ya je don ya leƙa ƙarƙashin teku, ya tarar da ruwa ya gurɓace, masu jirgi sun ƙi fita, shi zai gaya maka araha ba ta ado.

An ce tekun can yana "gudu" ya bar mutane. Mene ne gaskiyar maganar?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi, ita ce kuma aka fi mantawa da ita.

Sau biyu a kowace rana teku yana cika, sau biyu yana janyewa. Tsakanin cika da janyewa akwai sa'o'i shida da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. Wata ne yake jan ruwan, rana tana taya shi. Shi ya sa wanda ya iya lissafin kwanan wata ya riga ya sami rabin amsar: a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, ruwa yana cika maƙil ya kuma janye can nesa, bambancin tsayinsa yakan doshi mita huɗu. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa, motsin kaɗan ne.

A gabashin Unguja ƙasan teku shimfiɗaɗɗe ne, ga katangar murjani a can ciki, saboda haka in ruwa ya janye yakan bar fili na fiye da kilomita guda. Zuwana na farko Jambiani, da rana tsaka na isa. Na ajiye jaka, na fito da ɗokina, sai na tarar da fili fetal, ga kwale-kwale a kwance bisa yashi kamar an yar. Har na fara zargin an yaudare ni da hoto. Na tattare wando na nausa ciki. Can na iske wata dattijuwa a zaune cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba, tana ɗaura ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka ja tsakanin turaku, tsinke bayan tsinke, ba ta ko ɗaga kai. Na gaishe ta, na ce, "Mama, sannu da aiki." Ta amsa, ta dubi sama, ta nuna mini bayana da haɓa. Ashe ruwan ba ta gaba yake dawowa ba. Ta kwaruruka yake zagayowa, ya cika bayan mutum tun yana tsaye a kan tudu yana ɗaukar hoto. Kafin in kai gaɓa, ya kawo mini ƙugu.

Don haka kowane masauki na kirki yana da allon da ake rubuta lokutan cika da janyewa na ranar. Ka karanta shi kafin karin kumallo. In za ka yi tattaki cikin filin, ka fita ruwa yana kan janyewa, ka juyo da zarar ya tsaya.

Ita ciyawar nan, mwani, tun 1989 ake nomanta don sayarwa, kuma mata ne suka riƙe sana'ar. Ana busar da ita a fitar waje, a tatsi sinadarin da ke sa kauri a man goge baki da wasu kayan abinci. Gonar mutane ce, ba hanya ba. A zagaye ta.

To, arewa zan sauka ko gabas?

In iyo kake so a kowane lokaci, ka nufi Nungwi ko Kendwa a arewa. Gaɓar can tana da zurfi, ruwa ba ya nisa, ga faɗuwar rana a kan teku. Amma can ne cunkoso, da kiɗa har dare. A Nungwi har yanzu ana sassaƙa jiragen katako a bakin ruwa, da gizago da kurfi, kuma tsayawa kallon masassaƙan nan ya fi mini abubuwa da yawa da ake biyan kuɗi a gani.

Gabas, wato Matemwe, Kiwengwa, Bwejuu, Paje da Jambiani, ta fi natsuwa, kuma nan ake ganin fitowar rana. Paje ita ce matattarar masu wasan nan na ɗaura wa kai ƙaton ƙyalle, iska ta ja mutum a kan allo bisa ruwa. Mai iyali da ƙananan yara, ni gabas nake ba shi shawara, don ruwan yakan zauna kamar tafki.

Me ake gani a Stone Town, kuma kwana nawa ya isa?

Kwana biyu. Masu zuwa da safe su koma da la'asar sun ga bango ne kawai.

Tsohon birnin, Mji Mkongwe a bakin masu shi, da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina shi, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa ba sa ɗaukar mota. Za ka ɓata, babu makawa, amma garin ƙarami ne. Ka miƙe ta kowace fuska, ko ka ɓulla bakin teku ko ka ɓulla babban titi.

A bakin ruwa akwai Ngome Kongwe, ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Kusa da ita ga Beit al-Ajaib, gidan abubuwan al'ajabi, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883. An sa masa wannan suna ne don shi ya fara samun lantarki a tsibirin, har da na'urar hawa bene. Wani sashensa ya rufta a Disamba 2020, aka killace shi don gyara. A wannan dandali ne jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa fadar sarki ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, a yaƙin da bai kai minti 45 ba, wanda ake kira mafi gajarta a tarihi.

Sai ƙofofi. Nan nake so mutum ya rage sauri. Ƙofar Balarabe mai kusurwa huɗu ce, sau da yawa da ayar Alƙur'ani a sassaƙe a samanta. Ta Ba'indiye tana da baka a sama, ga manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. A Indiya an ƙirƙiro ƙusoshin ne don hana giwayen yaƙi tunkuɗe ƙofa. A Zanzibar, inda babu giwa, sai suka zama ado da nuna arziki. A gindin bangon gidaje akwai dakalin da suke kira baraza, inda dattawa ke zama suna kurɓar baƙin gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Ka yi sallama ka zauna. Ba a korar mai sallama.

Da safe a je kasuwar Darajani, ɓangaren kifi, in hancinka zai jure. Da magariba kuma lambun Forodhani yana cika da masu gashi da fitilu, samari suna ta alkafura daga kan katanga zuwa cikin teku. A ɗanɗani urojo, wani romo mai tsami da dankali a ciki, da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Kifin da aka jera a faranti tun yamma kuwa, ka sa a gasa maka shi sosai a gabanka, kuma ku yi ciniki kafin ya hau wuta.

Wurin tsohuwar kasuwar bayi fa, ya kamata a kai yara?

Waɗanda suka yi wayo, e. Bayan Sarkin Oman Seyyid Said ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, garin ya zama babbar cibiyar cinikin hauren giwa da bayi a gabashin Afirka. A 1873 Birtaniya ta matsa wa Sarki Barghash ya rufe kasuwar, aka gina cocin Angilika a wurin. Akwai ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufinsu ƙasa-ƙasa, tagoginsu tsagi ne kawai. A waje akwai gumakan mutum biyar cikin rami, da sarƙa a wuyansu. Akwai kuma ɗakin baje tarihi da ke bayyana yadda aka kamo mutane daga cikin nahiya, da su wa suka yi cinikin, har da Tippu Tip, wanda gidansa yana nan cikin birnin. Ba wurin yin hoto ana dariya ba ne, ko da yake za ka ga masu yi.

Ban iya iyo ba. Akwai abin da zan mora?

Da yawa. Yawo cikin fili in ruwa ya janye ba ya bukatar iyo. Hawa jirgin katako mai ƙyalle da yamma, a kalli faɗuwar rana, shi ma haka. Ko leƙen ƙarƙashin ruwa, da tabarau da ɗan bututun numfashi a baki, ana yi wa wanda bai iya ba: a sa masa rigar da ke hana nutsewa, ya riƙe tayar ceto, jagora yana jan sa. Sharaɗin guda ne: ka faɗa wa mai jirgi tun a tudu cewa ba ka iya ba. Kunya a nan ba ta da amfani. Jirgin da babu rigar ceto ta kowa da kowa, ko aka cika shi fiye da kima, ka sauka, ko an riga an karɓi kuɗinka.

Ina ne ya fi kyau a ga kifaye da murjani?

Kewayen tsibirin Mnemba a arewa maso gabas shi ya fi suna. Tsibirin kansa ba a sauka a kai sai baƙin masaukin da ke ciki, amma ruwan gefensa ana zuwa. A fita da sassafe, kafin jirage su taru. Tsibirin Chumbe, wanda aka keɓe tun 1994, ya fi lafiyayyen murjani, don ana ƙayyade yawan masu shiga.

Murjani dabba ce mai rai, ba dutse ba. Taka shi da ƙafa yana kashe abin da ya yi shekaru yana girma. Haka tauraron teku, wannan ja mai hannu biyar da ake ɗagawa sama don hoto: ta jikinsa yake numfashi a cikin ruwa, fito da shi shaƙe shi ne. Wanda kuma ya yi nutso mai zurfi da tukunyar iska a baya, kada ya hau jirgin sama sai ya kwana ya wuni, don iskar da ta shiga jininsa ta gama fita.

Zuwa gonar kayan ƙamshi ya cancanci rabin yini?

Ya cancanta, musamman ga wanda ya saba ganin kayan nan a busashe kawai. Gonakin suna wajen Kizimbani da Kidichi, ba nisa da birni. Jagora zai murza ganye ya miƙo maka, ya ce ka canka. A nan za ka ga kanumfari ashe tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, kirfa kuma ɓawon itace ce, barkonon da ake kira baƙi yana hawa bishiya kamar yaɗo. Za a tono maka citta da gangamau, a fasa maka kwakwa ɗanya. A farkon ƙarni na 19 aka kawo kanumfari tsibiran, ya zama arzikin sarakunan, da gumin bayi. Guguwar 1872 ta kwantar da mafi yawan itatuwan Unguja ta bar na Pemba, shi ya sa har yau Pemba ce uwar kanumfari. Yaran da ke saƙa maka hula da ganyen kwakwa suna sa ran ɗan abin hannu. Ka tanadi canji.

Tsibirin kurkuku da kunkuru fa?

Changuu ke nan, tafiyar kamar rabin sa'a a jirgi daga Stone Town. An gina kurkukun a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba. Wurin killace masu cutar shawara aka mai da shi. Manyan kunkuran da ke can, gwamnan Birtaniya na tsibiran Seshel ne ya aiko da kakanninsu a 1919, kuma wasu sun haura shekara ɗari. Sa'a biyu ta isa. Akan haɗa tafiyar da Nakupenda, wani tudun yashi a tsakiyar teku wanda ke fitowa in ruwa ya janye, ya ɓace in ya dawo. Babu inuwa ko ta ƙwayar itace, sai rumfar da masu jirgi suka kafa.

Akwai namun daji?

Babu zaki, babu giwa. Wannan sai a tsallaka babban yankin Tanzaniya. Abin da ke akwai shi ne dajin Jozani, gandun ƙasa ɗaya tilo a Zanzibar, wanda aka ayyana a 2004. Can ne gidan jan birin nan mai farin gashi a ka kamar tsohon da ya tashi daga barci, wanda asalinsa babu shi ko'ina a duniya sai Zanzibar. Mutanen wurin suna ce masa kima punju, birin dafi. Yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki: yana cin gawayi, don ya kashe dafin wasu ganyayen da yake ci. Sun saba da mutane, amma a bar tazara, kada a ba su abinci, mai mura kuma ya ja baya, don suna ɗaukar cutar ɗan Adam. A tsallaken titi akwai gadar katako da ke ratsa itatuwan mikoko, masu tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje.

Ana ta tallar yin iyo da dolfin, dabbar tekun nan mai kama da ƙaton kifi, a Kizimkazi da ke kudancin Unguja. Ka ba da shawara?

Ni ban ba da ba, aƙalla ba yadda aka fi yin sa ba. Na ga jirage sun kai goma suna bin garke guda da inji a buɗe, ana ihu ana cewa mutane su faɗa ruwa, dabbobin suna nutsewa suna gudu da 'ya'yansu. In za ka je, ka nemi mai jirgin da zai kashe inji ya jira daga nesa, ka kuma yarda tun farko cewa mai yiwuwa ba za ku gan su ba.

Abin da ya fi kai ni Kizimkazi shi ne masallacin Dimbani. A jikin bangon alƙiblarsa akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107. An sake gina yawancin masallacin a ƙarni na 18, amma rubutun yana nan, ana kuma salla a ciki har gobe. Yana cikin tsofaffin masallatai na gabashin Afirka, ga shi ɗan ƙarami, mai wucewa ba zai ce komai ba ne.

Yaya batun salla, abinci da sutura?

Kusan dukkan mutanen Zanzibar Musulmi ne. Masallaci ba ya wuyar samu, abincin gari kuma halal ne. Manyan otal na bakin teku suna sayar da giya, wasu har da naman alade, don haka a can sai a tambaya. Kayan wanka na bakin ruwa ne kawai. A cikin gari da ƙauyuka ana son mace da namiji su rufe daga kafaɗa zuwa gwiwa, har a 2021 hukumomi suka sanar da tara a kan masu yawo tsirara-tsirara. Mace mai son shiga ruwa da cikakkiyar sutura babu mai kallon ta. Matan wurin ma haka suke shiga. A watan azumi gidajen abinci da yawa na cikin gari suna rufewa da rana, kuma ba a son a ga mutum yana ci a titi. Kada a ɗauki hoton kowa, balle mata da yara, sai da izini.

Ban jin Sawahili. Zan sha wuya?

A wuraren baƙi ana jin Turanci. Kuma Bahaushe zai yi mamakin yawan kalmomin da zai tsinta, don harsunan biyu sun sha daga rijiyar Larabci: habari labari ne, sabuni sabulu, hatari haɗari, dunia duniya, karafuu kanumfari, ga Alhamisi da Ijumaa. Ka riƙe asante don godiya, da pole pole, wato sannu-sannu, wadda za ka ji ta har ka gaji.

Inda ake faɗawa rami shi ne agogo. Lissafin Sawahili daga fitowar rana yake farawa: ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, sa'a ta ɗaya, sha biyun rana kuma saa sita. Wani mai jirgi ya taɓa ce mini mu haɗu saa mbili, ya ɗaga yatsu biyu. Na yi barcina na ƙoshi, na iso ƙarfe biyu na rana. Shi kuwa takwas na safe yake nufi; ya jira ni har ruwa ya janye, jirginsa ya zauna a kan yashi. Duk alkawarin lokaci, ka nuna shi a fuskar waya.

Waɗanne takardu ake bukata, kuma wane kuɗi ake kashewa?

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da bizar Tanzaniya. 'Yan wasu ƙasashe suna samun ta a filin jirgi, wasu kuma dole su nema tun daga gida su jira amincewa, don haka a duba wannan kafin a sayi tikiti. Mai zuwa daga ƙasar da ake da cutar shawara zai nuna katin rigakafi. Daga 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, ko da mutum yana da wata. Tanzaniya ta hana shiga da ledar zuba kaya tun 2019.

Kuɗin ƙasar shilin ne na Tanzaniya. Masu canji suna ƙin tsofaffin takardun dala da waɗanda suka yage. Na'urar cirar kuɗi ta fi yawa a birni. Kafin ka nufi ƙauyukan gabas, ka cika aljihu.

Ta yaya ake shiga, ta yaya ake zagayawa?

Jirgin sama yana sauka a filin Abeid Amani Karume, kusa da birni. Daga Darussalam kuma akwai jirgin ruwa mai sauri, kamar sa'a biyu. A sayi tikiti a ofishin kamfani, ba a hannun masu tare mutum a ƙofa ba. A lokacin kusi teku yakan yi tsalle, mai saurin amai ya sha magani tun kafin a tashi. Ko daga Darussalam ka fito, za a duba fasfonka a tashar Zanzibar.

A cikin tsibiri akwai tasi, akwai daladala, motar haya ta talakawa mai benci a baya, wadda ba ta tashi sai ta cika ta batse. Ana tuƙi a hannun hagu, kuma mai hayar mota ko babur sai ya karɓi takardar izinin tuƙi ta Zanzibar, don 'yan sanda suna tambayar ta a hanya.

Masu bin mutum suna tallar yawo fa, yaya ake yi da su?

Mutanen garin da kansu suka sa musu suna papasi, wato kaska. Ba duka ne macuta ba, neman abinci suke yi. Ka ce hapana, asante, ka ci gaba da tafiya, kada ka tsaya bayani. In za ka yi ciniki da ɗaya, a fayyace komai: kuɗin shiga wurin yana ciki ko babu, abinci fa, jirgin naku ne ku kaɗai ko za a haɗa ku da wasu. Kada ka biya duka sai ka ga jirgin da idonka.

Me ya fi kwantar da baƙi a can?

Rana. Tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, iskar teku kuma tana ɓoye zafin har sai fata ta soye, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. Hula, ruwan sha na gora, da man kare fata. Na biyu bushiyar teku, baƙar dunƙulen nan mai dogayen ƙayoyi da ke laɓewa cikin duwatsu. Ƙayarta tana karyewa a cikin tafin ƙafa, don haka a sa takalmin roba. Sauro yana nan, ko da yake an rage zazzaɓinsa ƙwarai; a kwana cikin gidan sauro. Naman kunkurun teku kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka ci. Doka ta hana, kuma yakan zo da dafi: a Maris 2024 ya kashe mutum tara a yankin Pemba, takwas daga cikinsu yara.

Akwai bukukuwan da za a iya daidaita tafiya da su?

Bikin kiɗa na Sauti za Busara a Fabrairu, da bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa a tsakiyar shekara, duka a Stone Town. A Yuli kuma mutanen Makunduchi suna yin Mwaka Kogwa, sabuwar shekararsu mai asali daga Farisa, inda maza ke jibgar juna da karan ayaba don a huce gabar shekara, sannan a cinna wa wata bukka wuta.

Pemba ta cancanci ƙarin tafiya?

Ga mai kwana goma ko fiye. Tuddai ne da kore shar, baƙi kaɗan, masaukai kaɗan. Lokacin girbi za ka ga an shanya kanumfari a kan tabarmi a gefen titi, ƙamshinsa ya cika mota. Akwai dajin Ngezi, da tsibirin Misali, da wani ƙaton jemage mai jan ƙirji da babu irinsa sai can. Mai kwana biyar ya tsaya Unguja.

Wace tsaraba zan kawo?

Kayan ƙamshi daga Darajani, sabulun ciyawar teku daga hannun matan da suka noma ta, hular kofia mai aikin allura, ko ƙaramin akwatin katako mai ado da tagulla. Murjani, ƙoƙon kunkurun teku da hauren giwa haramun ne a fitar, ko da ka gan su a shago. In kuma zanen kanga za ka saya, biyu-biyu ake sayar da shi, kuma kowane yana da magana a rubuce a gefensa. Wata addu'a ce, wata kalmar soyayya, wata kuwa habaici ne tsagwaronsa, irin wanda mace ke ɗaurawa ta wuce ta ƙofar kishiya. Ka sa mai shago ya fassara maka kafin ka naɗe wa surukarka.